Kalmomi Dubu Biyu: Tsokaci a Kan Jerin Michael West da Koyar da Kalmomin Ingilishi

Da wuya a sami wanda ya ratsa firamare da sakandare a ƙasar nan, musamman cikin tsararrakinmu da waɗanda suka gabace mu, bai taɓa riƙe ɗan littafin nan mai suna First Aid in English na Angus Maciver ba. Mun yi masa hadda irin ta allo. A cikinsa ne muka san cewa akwai wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya a ƙasashen sanyi, wanda ba mu taɓa gani ba ko a mafarki, kuma wai ɗansa yana da suna na musamman, wato "cygnet". A nan muka san sunan garken zakoki, da sunan kukan jaki da na giwa, da abin da Bature kan kwatanta mai taurin kai da shi. Ran jarrabawa sai mu zazzage wa malam abin da ya ɗura mana, ya ba mu maki, kowa ya kama gabansa.

Shekaru bayan haka, lokacin da nake koyarwa a wata sakandare ta jeka-ka-dawo, na raka wani ɗalibina ɗan aji uku asibiti, cikinsa yana murɗa. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki ba ta jin Hausa. Yaron nan, wanda na tabbata ko daga barci aka tashe shi zai faɗi sunan ɗan tsuntsun can, ya kasa gaya mata cewa ciwon yakan taso ya lafa, kuma ya fi tsananta bayan ya ci abinci. Kalmomin da yake bukata ba su fi shida ba, dukkansu kuwa ƙanana ne, irin waɗanda malami ba ya tsayawa ya rubuta a allo don yana ganin sun yi arha. Ni na yi masa tafinta, ina jin kunya, domin ni ne malaminsa na Ingilishi. Ba na ɗora wa littafin Maciver laifi. An rubuta shi ne don yaran da suka tashi da Ingilishi a bakinsu, waɗanda suka riga suka mallaki ƙananan kalmomin tun a bayan uwa, ƙari kawai suke nema. Mu ne muka ɗauko kayan ado muka rataya wa wanda ba shi da riga.

Tambayar da wannan lamari ya bar mini ita ce wadda kowane malamin harshe na biyu zai yi karo da ita, ko ya sani ko bai sani ba: kalmomin Ingilishi sun yi yawan da ba mai iya ƙare su, lokacin darasi kuwa kaɗan ne, to waɗanne za a fara koyarwa, kuma ta yaya? Manufar wannan tsokaci ita ce a duba amsar da wani mutum ya bayar a wani littafi da ya fito a 1953, wato A General Service List of English Words na Michael West. Littafin ba na hira ba ne, jerin kalmomi ne zalla, kimanin 2,000. Amma na zaɓi in kawo shi cikin mujallar ƙagaggun rubuce-rubuce domin a ganina akwai wani hukunci da ya yanke a kan adabi wanda ya shafi duk mai riƙe alƙalami a cikinmu.

West Baturen Ingila ne, an haife shi a 1888, ya rasu a 1973. Ya tafi Indiya a 1912 a matsayin jami'in ilmi na mulkin mallaka, ya kuma shugabanci kwalejin horon malamai ta Dakka, birnin da a yau shi ne hedkwatar ƙasar Bangaladash. Abin da ya tarar a yankin Bengal ba baƙo ba ne gare mu. Yara da yawa suna shiga makaranta, kaɗan ne ke kai ƙarshe, tsarin koyar da Ingilishi kuwa an gina shi ne a kan cewa amfanin zai zo bayan shekaru masu yawa. Wanda ya fita a tsakiya ya tashi a tutar babu. A littafinsa na 1926 kan zama da harsuna biyu a Bengal, West ya aro wata magana daga masu harkar inshora, wato ɗan abin da ake mayar wa mutum in ya fasa biya kafin wa'adi ya cika. Mu ce dai, in adashi ya watse a tsakiya, da me mai zubi zai tashi? Ya ce kowace shekara ta karatu ya kamata ta bar wa yaro abin da zai mora ko da daga nan ya tsaya. Abin da ya fi saurin samuwa, ya kuma fi jimawa a hannun mutum ba tare da malami ba, a ganinsa, shi ne iya karatu.

Da ya duba littattafan da ake karantar da yara da su, sai ya ga cuta iri biyu. Ta farko, an cika su da kalmomin tsofaffin mawaƙan Ingila, irin su "ere" da "isle" da "nought", alhali ga "before" da "island" da "nothing" da kowa ke amfani da su. Ta biyu, sababbin kalmomi suna zubo wa yaro kamar ƙanƙara, kusan kowane layi da tasa, ba a kuma sake maimaita su. Maganin da ya kawo a jerin littattafansa na New Method Readers, waɗanda kamfanin Longman ya fara bugawa wajejen 1927, shi ne ya musanya baƙuwar kalma da ta yau da kullum, sa'an nan ya tsawaita labarin yadda sabuwar kalma za ta zo ita kaɗai a tsakiyar sanannu masu yawa, ta kuma sake dawowa sau da dama kafin a shigo da wata. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus wanda aka bayyana ma'anar duk kalmomin cikinsa da kalmomi 1,490 kacal. Duk ɗalibin da ya taɓa neman ma'anar kalma a ƙamus, ya tarar bayanin ya fi kalmar wuya, ya san girman wannan aiki.

Ba shi kaɗai ke wannan fafutuka ba a lokacin. Edward Thorndike a Amurka ya riga ya ƙirga kalmomi ya fitar da jerin 10,000 a 1921. Harold Palmer yana Japan yana irin nasa. C. K. Ogden kuma ya fito da abin da ya kira Basic English a 1930, mai kalmomi 850, da aikatau 18 kawai, har Winston Churchill ya yabe shi a wani jawabi a Jami'ar Harvard a 1943. West ya soki tsarin Ogden, Ogden ya rama da zafi. A 1934 gidauniyar Carnegie ta tara masana a Niyok, aka sake zama a Landan a 1935, sa'an nan West da Palmer da Thorndike da Lawrence Faucett suka fitar da rahoton wucin gadi a 1936. Wannan rahoto ne West ya gyara, ya haɗa da ƙididdigar ma'anoni ta Irving Lorge, ya zama littafin 1953.

Wanda ya buɗe littafin zai ga kowace kalma da adadin fitowarta cikin rubutu mai kalmomi miliyan 5, sa'an nan a ƙarƙashinta an rarraba ma'anoninta, kowace da kasonta cikin ɗari da misalan yadda ake amfani da ita. A nan ne, a ganina, darajar aikin take, kuma nan ne akasarin masu ambatonsa ba su kula ba. Sukan ɗauki jerin kalmomin tsurarsu su buga a takarda biyu, su ce ga kalmomin West. Alhali kuwa abin da West yake nunawa shi ne kalma ɗaya ba abu ɗaya ba ce.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. A ɗauki kalmar "ci". Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin jarrabawa, muna cin amana, muna cin sarauta, muna cin mutunci, muna cin bashi, wuta tana ci, riga tana cin yadi biyar. Ko "sha": shan ruwa, shan iska, shan wahala, shan kashi, shan alwashi, shan kai. Baƙon da ya rubuta a littafinsa cewa "ci" ita ce "eat", ya rufe, ya ce ya san kalma ɗaya, bai san ko rubu'inta ba. To haka "get" da "take" da "make" da "run" da "put" suke a Ingilishi. Su ne ƙananan da muke rainawa, su ne kuma suke ɗauke da harshen a ka. Wannan ne ma ya karya lissafin Ogden: in ka rage aikatau zuwa 18, dole ka riƙa haɗa su da 'yan ƙananan kalmomi don su ba da sabuwar ma'ana, irin "give up" da "put up with", waɗanda ga ɗan Ingila sauƙi ne, ga ɗan Kano ko ɗan Ogbomosho kuwa kowace sabuwar hadda ce. An rage kaya a takarda, an ƙara shi a kan ɗalibi.

Daga wannan gefe ne kuma za a fahimci kurakuran da muka saba yi wa dariya. Yaron da ya ce "drink medicine" ko "I am hearing smell" ko "borrow me your pen" ba rashin kalma ke damunsa ba. Ya san "drink", ya san "hear", ya san "borrow". Abin da bai sani ba shi ne iyakar gonar kowace, da irin kalmomin da take yarda ta zauna da su. Ya ɗauko faɗin "sha" da "ji" da "aro" na Hausa ya shimfiɗa a kan kalmomin da ba su kai su faɗi ba. Palmer da A. S. Hornby sun yi aiki a kan wannan zaman tare na kalmomi tun 1933 a Tokiyo, kuma daga irin wannan aiki ne ƙamus ɗin Hornby ya tsiro, wanda daga baya ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary da ke kan teburin yawancinmu. Malamin da ya gane haka zai fi kashe lokacinsa a kan ma'anoni goma na "take" bisa ga sababbin kalmomi goma masu gaɓa biyar-biyar. Na koma na duba daga baya, kalmomin da ɗalibina ya rasa a asibiti, irin su "pain" da "after" da "come" da "go", duk suna cikin littafin West.

Sai dai wannan nasiha tana karo da wata ɗabi'a tamu. A ƙasar nan mun ɗauki dogon Turanci a matsayin alamar ilmi. Ɗan siyasa ko shugaban ƙungiyar ɗalibai in ya saki kalmar da ba wanda ya gane, sai zaure ya ɗauki tafi. Takardar jarrabawar WAEC da ta JAMB su ma suna da sashen kalmomi masu kama da juna da masu kishiyantar juna, wanda ya fi saka wa mai hadda. Tun da kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Ingilishi, ba za a zargi malamin da ya koyar da abin da za a tambaya ba. Amma sakamakon muna ganinsa a takardun da muke makawa: ɗalibi ya iya rubuta kalma mai harafi goma sha biyu ba kuskure, ya kasa haɗa ta da aikatau ɗin da ya dace.

Duk da haka, kada yabon ya yi yawa. Jerin West yana da iyaka, kuma lissafi ne ya fi bayyana ta. Kalmominsa 2,000 da danginsu sukan rufe kimanin kashi 80 cikin ɗari na yawancin rubutun Ingilishi. Ga kunne wannan babban rabo ne. Amma a ɗauki shafi mai kalmomi 300. In ɗalibi ya san kashi 80, saura kalmomi 60 bai sani ba, wato ɗaya cikin kowace biyar, kuma su ne galibi masu ɗauke da nauyin zancen. Wannan ba karatu ba ne, tuntuɓe ne. Batia Laufer ta nuna a 1989 cewa sai an kai kashi 95 kafin fahimta ta fara zama, wato baƙin kalmomi 15 a shafin namu. Paul Nation da abokan aikinsa suka ɗaga zuwa kashi 98, wato 6 kawai, kuma a 2006 Nation ya ƙiyasta cewa mai son karanta littafin hira ko jarida ba tare da taimako ba yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ke nan dubu biyun West tsani ne na hawa, ba ɗakin kwana ba. Ga ɗalibin jami'a, Averil Coxhead ta ƙasar Niyuzilan ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 a shekarar 2000, waɗanda ba sa cikin na West amma suna yawan fitowa a rubutun ilmi kowane fanni, har sukan rufe kusan kashi 10 cikin ɗari na irin wannan rubutu. In da za a tambaye ni abin da ya kamata ɗan aji ɗaya ya ba zangonsa na farko, da wannan jeri zan nuna masa.

Akwai wani suka da aka fi yi wa West wanda ni ban yarda da shi duka ba. Ana cewa jerin ya tsufa, domin an ɗebo shi daga rubuce-rubucen da suka gabaci yaƙin duniya na biyu. Babu talabijin a ciki, babu kwamfuta, amma ga "shilling" ga "telegraph". Wannan gaskiya ne. Sule dai mu ma mun rabu da shi tun 1973 da naira ta zo. Waɗanda suka fitar da sababbin jeri a 2013 daga manyan rumbunan kwamfuta sun yi abin da ya kamata. Amma in aka duba irin kalmomin da suke nunawa a matsayin shaidar tsufa, sai a ga har da na garma da amalanke da injin niƙa, da na wa'azi da albarka da jinƙai. To ga wa suka tsufa? Yaron Gumel ko na Yawuri da ke tafiya makaranta yana kauce wa amalanken shanu, ya dawo ya kai niƙa, da daddare ya saurari wa'azi, waɗannan kalmomi su ne rayuwarsa. Ƙididdigar yawan fitowa tana gaya mana abin da mutanen da aka ƙirga rubutunsu suke yawan faɗa ne kawai. West kansa bai bi ƙididdiga ido rufe ba. Ya auna sauƙin koyon kalma, da larurarta, da ko wata za ta iya tsaya mata. Kuskuren da za mu yi shi ne mu karɓi kowane jeri, tsoho ko sabo, kamar saukakke, ba tare da mun tambayi wace duniya aka ƙirga ba.

Wani giɓi da ya fi wannan girma a wurinmu shi ne jerin bai san harshen uwar ɗalibi ba, ba kuma zai iya sani ba, tun da an yi shi ne don duniya duka. Yaro Bahaushe yana shiga aji da ɗaruruwan kalmomin Ingilishi a aljihunsa bai sani ba: tebur, bokiti, asibiti, makaniki, birki, fasinja, lauya, kwano ba ya ciki amma kofi yana ciki. Wannan jari ne da malami zai iya fara ciniki da shi tun ranar farko. Amma jarin yana da tarko. "Mota" a wurinmu ita ce abin hawan gaba ɗaya, a Ingilishi kuwa asalin kalmar ta fi nufin injin. "Kanti" daga wurin cin abinci ta fito ta zama shago. "Bariki" kuwa ta bar sojoji da gidajen Turawa ta zama sunan wata irin rayuwa da uwa ba ta so a jingina wa 'yarta. Darasi ɗaya a kan tafiyar da waɗannan kalmomi suka yi zai koya wa yaro abin da shafi goma na hadda ba zai koya masa ba, wato ma'ana tana tafiya. Sai dai a makarantu da yawa an haramta harshen gida a aji, har da tara ko bulala, saboda haka ƙofar a rufe take. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna cewa Ingilishinsu bai gaza na sauran ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen uwa a shekarun farko na firamare, an kuma sha jujjuya maganar tun daga lokacin. Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa a 1965 don mai koyon Ingilishi. Kayan aikin dai ba a rasa ba.

Yanzu sai in zo ga abin da ya sa na ce littafin ya shafi marubuta. Cikin ƙa'idojin da West ya bi wajen tace kalmomi, akwai cewa kalmomin ƙarfafa zance da na motsin rai ba su da muhimmanci sosai ga baƙon harshe. Hujjarsa ita ce, mai koyon Ingilishi yana nemansa ne don bayyana tunani da samun ilmi, abin da ke cikin zuciyarsa kuwa da harshen uwarsa zai faɗe shi. Na daɗe ina jujjuya wannan magana. Ta wata fuska girmamawa ce ga harsunanmu, domin ya bar musu ɗakin ciki, ya ce Ingilishi ya tsaya a zaure. Ko a wannan jami'a, inda muke zaune a tsakiyar masu wasu harsuna, mun san cewa da Ingilishi muke neman sa hannun shugaban sashe, amma in saƙon rasuwa ya zo daga gida da Hausa muke kuka. Ta wata fuskar kuwa hukunci ne na jami'in mulkin mallaka, wanda yake hango akawu da malamin asibiti, bai hango marubuci ba. Shekara biyar kacal bayan fitowar jerin, a 1958, Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart. A 1984 Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn, a 1986 Wole Soyinka ya karɓi kyautar Nobel, a 2016 Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya da Season of Crimson Blossoms. Waɗannan ba su tsaya a zaure ba.

Illar wannan hukunci ta fi fitowa a littattafan hira da aka sauƙaƙa. An ɗauki manyan labaran Turawa an tace su da rariyar kalmomi ƙididdigaggu, labarin ya rage, muryar mai labarin ta tafi. Mutum ya ji tsoro, ya yi fushi, ya yi murna, shi ke nan; babu mai jin ɗar-ɗar, babu mai cika yana batsewa. Tuwo ne ba miya, yana ƙosarwa amma ba a marmarinsa. Ga kuma zaɓin labaran kansu. Cikin waɗanda aka sauƙaƙa wa yaran ƙasashen mulkin mallaka har da King Solomon's Mines na Rider Haggard, kuma Achebe ya ba da labarin yadda yana yaro yake karanta irin waɗannan littattafai yana goyon bayan Turawan ciki a kan baƙaƙen fata, kafin ya farga ko shi wane ne a labarin. Kalma ba ta zuwa ita kaɗai, da kayanta take tafe.

Ba ina cewa a watsar da sauƙaƙƙen littafi ba ne. Lissafin da muka yi a baya ya nuna ba makawa sai da shi, domin kalma ba ta zama a kai sai an yi ta gamuwa da ita a wurare dabam-dabam, kuma tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda abin da aka haddace sau ɗaya yake zubewa cikin 'yan kwanaki in ba a waiwaye shi ba. Dabarar West ta yi 'ya'ya masu amfani: shirin Ingilishi mai sauƙi da Muryar Amurka ta fara a 1959 da kalmomi kimanin 1,500, da ƙamus ɗin Longman na 1978 da ya yi bayani da kalmomi 2,000. Abin da nake cewa shi ne sauƙi dabam, lami dabam. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce ne don 'yan makaranta, ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma, amma ya zuba musu gishirin Hausa har ba a gane baƙi ne. Na san kwatancin bai yi daidai ba sosai, domin masu karatun Imam sun riga sun ji harshen. To a ɗauki The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Ingilishinsa ba mai wuya ba ne, amma akwai jirgin ƙasa, akwai ramuwar gayya, akwai sunaye da garuruwan da yaron Arewa ya sani. Da yawa daga cikinmu shi ne littafin Ingilishi na farko da muka karanta har ƙarshe ba don tsoron bulala ba, kuma kalmomin da muka tsinta a ciki ba su zube ba. Irin wannan rubutu, mai ƙididdigaggun kalmomi amma mai rai, aiki ne na marubuci, ba na mai ƙirga ba. Masu aiko da gajerun labarai ga wannan mujalla, waɗanda suke da harsunan biyu, sun fi kowa cancantar gwada shi, ko da a ce shafi ɗaya Hausa ɗaya Ingilishi.

Na taɓa gwada juya ƙa'idar West a aji, in fara daga inda ya ce a bari. Na rubuta a allo: fushi, haushi, takaici, ɓacin rai, baƙin ciki, ƙunci. Na ce kowa ya bayyana mini bambancinsu da Hausa tukuna. Yaran da ba sa buɗe baki a darasin Ingilishi suka ɓarke da gardama, wata ta ce takaici shi ne abin da kake ji in wanda ya ɓata maka ba ka da ikon ramawa, ko kuwa kai ka jawo wa kanka. Sa'an nan na ce to mu nemo musu abokai a Ingilishi. Duk ajin "angry" da "sad" kawai suka sani. Muka buɗe ƙamus, kafin a tashi mun sami kalmomi tara, kowace an san wurin zamanta domin an riga an share mata wuri da Hausa. Mako na gaba na kawo "kunya". Suka samo "shame" da "shyness" da "modesty" da "embarrassment", muka yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wadda take hana uwa ta faɗi sunan ɗanta na fari fa, wace ce a ciki?" Muna cikin neman ta aka kaɗa ƙararrawa.